Ranar da Na Kai Wanzami Ɗakin Kwalba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mahauci ne a Garwa, ubana mahauci, kakana da ya taso daga ƙasar Kano shi ma mahauci. Boko aji uku na yi na gudu, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A shekarun da zan ba da labarinsu ina da ƙarfi, ina da zafin zuciya, kuma ina jin daɗin a ce ana tsorona. Bijimin da mutum huɗu ke fama da shi a mayanka, ni kaɗai nake murɗe masa wuya in kai shi ƙasa. Na taɓa zubar wa wani ɗan mashin haƙora biyu don ya taka mini ƙafa bai ce sannu ba. A gida kuwa in na ɗaga murya ko tari ba a yi. Ban taɓa ɗaukar wannan aibi ba, a ganina haka namiji yake.

Matata ta yi ɓari sau uku kafin cikin da nake magana a kai. Yana wata shida da 'yan kwanaki ta je Ngong ta'aziyyar kawunta, a hanyar dawowa mota ta jijjiga ta, kafin su shigo gari faya ta fashe. A asibiti ta haihu, namiji. Aka ce mini bai cika kilo ɗaya ba. Ni da kullum hannuna ke kan sikeli na san abin da kilo yake, tsoka ce da nake dunƙulewa da hannu guda in jefa a leda. Aka nuna mini shi ta bayan gilashi. Jawur yake, fatarsa kamar tantani, ana ganin jijiyoyinsa, ƙirjinsa yana lotsawa yana tasowa kamar na ɗan tsako. Sun sa shi a akwatin gilashin nan da su ke ce wa kuvez, mu kuma muke ce wa kwalba, an zura masa siririn tiyo a hanci, an liƙa masa wayoyi a jiki.

Mai kula da ɗakin wata nas ce 'yar kudu, gajera, ba ta jin Hausa, Fulatancinta ma a karye. Ni kuma Faransancina bai wuce na kirga kuɗi da gaisuwa ba. Ranar farko da aka bar ni shiga, ta sa na cire takalmi, ta ba ni wata koriyar riga, ta tsaya a kaina ina wanke hannu. Ta duba ƙarƙashin farcena ta girgiza kai, ta mayar da ni famfo har sau uku, a gaban mata. Bayan duk wannan kuma ta hana ni taɓa yaron. Ta yi ta bayani tana nuna tiyon, tana nuna bakinsa, ni dai abin da na tsinta kawai shi ne munyal, Baaba, munyal, wato in yi haƙuri. Matata tana tatsar nono a ɗan kofi, su zuƙa da sirinji su tura ta hanci. Wani lokaci na'ura ta hau ƙara, yaron ya daina numfashi, sai nas ɗin ta sa yatsa ta ɗalli tafin ƙafarsa ya zabura. Ni a idona dukansa take yi.

Kwana na huɗu gwaggona, ƙanwar ubana, ta zo dubiya. Da ta ji cewa ba ya kama nono kuma numfashinsa na ɗaukewa, sai ta tafa hannu ta ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, beli ne ya tokare masa maƙogwaro. Ta ce duk zuriyarmu babu wanda ya kwana bakwai wanzami bai cire masa beli ba, har ni da nake tsaye kamar gunki ina kallo ana ɗura wa ɗana nono ta hanci kamar maras uba. A kasuwa ma ban tsira ba. Abokan sana'a suka sa ni gaba da tsiya, wani ya ce mai kayar da bijimi ga shi wata 'yar guntuwa ta sa shi wankin hannu, wani ya ce ko sai an yi suna a kwalba kamar man ja. Na yi dariya tare da su, amma cikina wuta ke ci. Na je na gaya wa matata abin da gwaggo ta ce. Ta riƙe gefen rigata tana kuka, ta ce don Allah Malam in bar wa likitoci aikinsu, wannan ne kaɗai ya zo da rai. Na buge hannunta, na ce ba shawara na zo nema ba.

Ranar bakwai da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, na yanka rago da hannuna, babu jariri babu mai jego. Kowa ya zo sai ya tambayi ko an yi aski, ko an cire beli. Bayan azahar, rana na tsaga kai, na ɗauko wanzaminmu a bayan mashin da zabirarsa. Ban gaya masa girman yaron ba, na ce kawai an sallame mu, ya zo asibiti ya yi aikin kafin mu wuce gida. Muna isa ƙofar ɗakin nas ɗin ta fito, ta kalli zabira, ta gane. Ta ware hannuwanta ta tare ƙofa tana cewa no, no, tana kiran mai gadi. Na ce ta kauce, ta ƙi. Na shaƙo wuyan rigarta na ɗaga ta sama na wurgar gefe. Kanta ya daki bakin teburin ƙarfe, na ji ƙarar, na ga jini ya tsinke, ban tsaya ba. Na shiga da takalmina, da rigar da na yi fiɗa da ita. Murfin kwalbar ya ƙi buɗuwa, na fizge shi ya ɓalle. Na sa hannu na ciro ɗana, tiyon ya zare daga hancinsa da jini a bakin tiyon, wayoyin suka tsintsinke, na'urori suka ɗauki ihu, mata suka ɗauki salati.

Na juya na miƙa wa wanzami shi na ce ya yi aikinsa. Tsohon nan ya leƙa tafin hannuna, ya ja da baya yana innalillahi. Ya ce shekararsa arba'in yana aski bai taɓa sa ƙarfe a bakin abu kamar wannan ba, wannan ai bai gama zama mutum ba, in mayar da shi tun kafin in zama mai kisan kai. Sai a lokacin na dubi hannuna. Yaron ya saki. Jan nan ya koma toka-toka, leɓensa ya yi baƙi, ƙirjin ya tsaya cak. Na san yadda rai ke fita daga jiki, kullum ina gani, kuma shi nake gani a hannuna. Ban san sa'ad da nas ɗin ta tashi ba. Jini ya rufe mata ido ɗaya, ta zo ta karɓe shi daga hannuna ba ta ko kalle ni ba, ta kwantar da shi ta ɗora masa wata roba a fuska tana matsawa, tana danna ƙirjinsa da yatsu biyu, jininta na ɗiga a kan zanen gado.

Daga nan ban ƙara ganin komai ba, don an rufe ni da duka. Masu gadi, mazajen da 'ya'yansu ke ɗakin, har wata mai jego da ta fasa mini fulas ɗin ruwan zafi a ka. Suka ja ni waje suna taka ni. Ban rama ko sau ɗaya ba. Jandarmomi, 'yan sandanmu na nan, suka ƙarasa sauran, na kwana biyar a rufe da karyayyen haƙarƙari, ban san ko ɗana na raye ba. Nas ɗin ce ta ce ba ta son shari'a, da ɗinki a kanta ta koma aiki. Da na fito wani likita ɗan Maruwa mai jin Hausa ya zaunar da ni. Ya ce beli kowa da shi aka halicce shi, ba ciwo ba ne. Bakwaini ba ya tsotso don lokacin koyonsa bai yi ba, yana manta numfashi don ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba, ɗallin ƙafar nan tuna masa ake yi. Ya ce yaron ya dawo, amma ya daɗe babu iska. Na tambaye shi ko hakan zai bar masa wani abu. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba.

Bayan wata biyu da rabi aka sallame su. Yau yaron yana shekara takwas. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tokare shi da matashi, ƙafafunsa a sanƙare suke. Yana gane muryata, yana dariya in na shigo. Na kai shi wurin likitoci da yawa, kowa na tambaya amsa ɗaya ce: yana iya zama haihuwar wuri ce, yana iya zama ranar nan ce. Matata ba ta tafi ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba. Sai dai har yau in na sunkuya zan ɗauke shi, duk abin da take yi sai ta ajiye ta miƙe tsaye. Tsayawa kawai take yi har sai na ajiye shi.

Ban ƙara ɗaga wa kowa hannu ba tun daga ranar, amma wannan bai gyara ƙafar kowa ba. Abin da na gane shi ne ba beli ne ya kai ni ɗakin nan ba, kunyar dariyar mutane ce, da girman kan da ya hana ni in nemo mai fassara in ce ban gane ba. Ɗan'uwa, in Allah ya jarrabe ka da bakwaini, in an ce ka wanke hannu ka wanke ko sau goma ne. In ba ka jin yaren likita, nemo wanda zai juya maka. Aski da sauran al'ada za su jira, numfashin yaro ba ya jira. Gwaggona ta rasu, masu yi mini tsiya sun manta an yi. Ni ne nake goya shi zuwa bayan gida kowace safiya, kuma nauyinsa ƙaruwa yake yi ni ina tsufa.