Sarkin Ruwan Dutse a Fadamar Miga

Mun tashi da asuba daga Dutse. Ina dawowa daga masallaci na tarar da maƙwabcina tsaye jikin motar ƙanena, ya sha kwat da takalmi sau-ciki kamar mai zuwa gaida gwamna. Na ce, "Sarkin Ruwa, ofis za mu ko fadama?" Ya yi dariya ya ce shi ba a koya masa zuwa gaban babba da tsumma ba.

Bari in gaya muku ko wane ne shi, don tafiyar nan tasa ce, ni ɗan rakiya ne. Kirista ne, mutumin bakin kogin Binuwai. Tare aka kwaso mu daga Kano lokacin da aka yi sabuwar jiha, muka sauka a Dutse babu gidan haya, babu ofis, fayil-fayil a cikin kwali. Tun daga nan muke gida ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki. 'Ya'yansa Hausarsu ta fi ta nawa daɗi. Abu ɗaya ne bai taɓa yafe wa Dutse ba, rashin kogi. Kullum cewa yake garin nan ko kwaɗo ya zo sai ya nemi canjin wurin aiki. Wannan mita ce ta sa 'yan ofis suka naɗa masa sarautar Sarkin Ruwa.

To bana, da aka ƙaddamar da shari'a, danginsa suka tayar da hankali. Duk wanda ya zo daga gida saƙonsa ɗaya ne, ya tattara ya dawo. Babu wanda ya ce masa ci kanka a unguwarmu, shi ma ya sani, amma matarsa ta tsorata da labaran da ake kawowa daga wasu garuruwa. Jiharsu kuma ta ba shi gurbin aiki, amsarsa kawai ake jira. Ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. Ni kuwa gaskiyar magana ba na son ya tafi. Sai na yi wata dabara irin tawa, na ce tunda ruwa yake wa kuka, bari in nuna masa muna da shi a Jigawa, ko zuciyarsa ta kwanta ya zauna.

Hanyar Kiyawa lafiya lau take, sai dai mai. Gidajen mai duk sun rataye tiyo, 'yan bumburutu kuwa sun jera galan a bakin titi kamar masu tallan manja. Ƙanena ya tsaya ciniki yana shinshina galan wai ko an haɗa da kananzir, har gari ya waye sarai. Ko'ina gero ya sunkuyar da kai, wasu sun fara girbi, dawa kuma tana jiran lokacinta. A Jahun muka karya da koko da ƙosai a wurin wata dattijuwa mai hannun kyauta, gyaran da ta yi mana ya kusa kai abin da muka saya. Maƙwabcina ya ci da barkono har yana share hawaye, yana cewa ai wannan ba yaji ba ne.

Daga inda muka bar kwalta muka nufi Miga, nan mota ta fara ba mu labarin shekarunta. Ruwa ya cinye hanya wuri-wuri, sai mu sauka mu tura, mu hau, mu sake sauka. Kwat ɗin nan tun a turi na biyu ta koma kujerar baya. Ƙasar ma ta sauya, yashi ya ƙare, laka baƙa ta karɓa, ga goruba tsaye rukuni-rukuni. Iska ta fara kawo wani ƙamshi na danshi da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ni dai wari na ji. Shi kuwa sai na ga ya sauke gilashi ya fitar da kai yana shaƙa.

A wani ƙauyen masunta da ke bayan Miga aka haɗa mu da wanda zai zaga da mu a jirginsa, wani dattijo siriri mai farin gemu da bakin surutu, wanda ya ce a cikin kwalekwale aka yaye shi. Ƙanena ya leƙa jirgin, ya ga ruwa kwance a cikinsa da gwangwanin kwalfewa, nan take ya tuna cewa mota tana bukatar mai gadi. Muka bar shi a gindin tsamiya. Ni ma da da hali da na taya shi gadin, don ban iya iyo ba, ko a kududdufi ban taɓa gwadawa ba. Amma ni na kawo shawarar, ina zan kai kunyar? Na shiga da bisimilla, na zauna a tsakiya, na riƙe gefe da gefe.

Jama'a, ashe akwai wata duniya a bayan gidanmu ba mu sani ba. A nan kogin Haɗeja ba ya tafiya a hanya ɗaya, rarrabuwa yake kamar yatsun hannu, kowane yatsa ya sake rabuwa, har ka rasa ina ne kogi ina ne gona. Baba mai jirgi yana tura mu da doguwar sanda yana kiran sunan kowace mashiga, wannan ta wane ce, waccan a nan saniyar wane ta nutse. Muka ratsa ta cikin shinkafa wadda kanta kawai ke leƙowa. Bado ya shimfiɗa ganye ya yi fure fari tas. Kirinjijiya suka tashi garke guda suna fito, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya ko kallo ba mu ishe shi ba. Muka wuce masunta sun kifa ciki a kan manyan goruna suna yawo a kan ruwa, kowa da komarsa, suna ɗaga mana hannu. Can a kan wani tudu Fulani sun yi sansani, wata yarinya ta shigo ruwa har gwiwa ta miƙo mana fura da nono mai sanyi kamar daga randa.

Ina ta satar kallon maƙwabcina ina jin daɗi. Ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya saki hannunsa a cikin ruwa. Na ce a raina, Alhamdulillahi, dabara ta ci.

Da rana ta ɗaga muka iso inda kacala ta toshe hanya. Wata doguwar ciyawa ce mai kai kamar zangarniyar gero, ta fi mutum tsawo, ta tsaya cunkus. Baba ya tofar da yawu ya ce da ƙuruciyarsa babu ita, 'yan shekarun nan ta sauka, ta cinye mashigai, ta kora ruwa gonakin da ba a nemansa, ta bar masu nemansa da ƙishi. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafar mutane. Akwai wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da adda, ta nan muka kutsa. Zafi, sauro, ganye na yankar fuska. Da muka fito ɗaya gefen sai ga ruwa buɗe, mai zurfi, yana gudu da ƙarfi. Sandar Baba ta daina taɓa ƙasa. Jirgi ya juya gefe ya fara tafiya da mu inda ya ga dama, ni kuwa na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci.

Baba na laluben filafili a ƙarƙashin taru, sai maƙwabcina ya riga shi. Ban ga lokacin da ya tsallake ni ya koma baya ba, jirgin ko girgiza bai yi ba. Ya durƙusa, ya soka filafili a ruwa, ya murɗa shi wani iri, sai ga hancin jirgi ya dawo ya fuskanci igiyar ruwa. Mutumin da na sani da tumbi da biro a aljihu, wanda hawa benen sakatariya ke sa shi haki! Ya dinga tuƙi, kafaɗunsa na tafiya da kansu. Can sai na ji ya ɗauki waƙa da yarensu, a hankali, sannan da ƙarfi. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ya yi waƙa da yaren nan ba, ko a gida da Hausa yake yi wa yara faɗa. Ban san abin da waƙar ke cewa ba, amma tsigar jikina ta tashi. Da na waiga na ga fuskarsa sharkaf, kuma ba ruwan kogi ba ne.

Baba ya zauna ya miƙe ƙafa ya bar masa jirgin. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ɗan ruwa ne. Me ya kai shi zama kan dutse?" Na harare shi, na yi masa alama da ido, ina! Ya ci gaba da cewa kifi ko a tasar zinariya ka sa shi ba ka yi masa gwaninta ba. Na ce, "Baba, don Allah ina za mu yi azahar?"

Muka sauka a wani tudu mai goruba uku. Ni da Baba muka yi alwala a bakin ruwa muka ta da salla, maƙwabcina kuma ya hura wuta ya gasa karfasar da muka saya hannun masunta, kifin da a kasuwar Dutse sai ranar albashi ake tunkararsa, a nan kuwa har kunyar kuɗin da aka faɗa mana na ji. Ya farke su ta baya yadda ake yi a garinsu, ya barbaɗa gishiri da ƙuli-ƙuli. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa cin abinci da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Baba ya tafi duba wani tarko, muka rage mu biyu. Maƙwabcina ya juya yana kallon ruwa. Ya ce, "Malam, watannin nan ina ta tunanin idan na tafi, tsoro ne ya kore ni, kuma ba na son a ce na guje ku, don ba ku yi mini komai ba sai alheri. Shi ya sa na kasa amsawa." Ya ce mahaifinsa na nan da rai, ya tsufa, idonsa ya tafi, jirginsa na kife a bakin kogi babu mai turawa. Ya ce babban ɗansa ya shiga sakandare bai taɓa riƙe filafili ba, kuma in ya je gaida kakansa sai an yi musu tafinta. "Ba shari'a ce za ta mayar da ni ba. Gida nake so, yau na sani. Na gode da ka kawo ni."

Wai ya gode! Na so in ce masa ai ga ruwa nan kusa, duk wata sai mu zo, ni zan sayi man. Sai na fasa. Wannan ruwan Baba ne, ba nasa ba, kuma babu tsohon makaho da ke jiransa a bakinsa. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya ce amin.

Shi ya tuƙo mu har gaɓa da la'asar. Hasken rana ya kwanta a kan ruwa ja wur, shanu na ninƙaya suna komawa tudu, hancinsu kawai ake gani da ƙaho. Ko tsoron ma na manta da shi. Da za mu rabu Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ƙi karɓar ko sisi daga gare shi, ya ce ba a karɓar kuɗin jirgi a hannun mai jirgi. Nawa kuwa ya karɓa har da neman na goro.

Muka tarar da ƙanena ya yi barci ya ƙoshi, ya sayi buhun busasshen kifi da ya cika motar da ƙarni har gida. A hanya yana ta tambaya, yaya, an ga ruwa? Sarkin Ruwa ya fasa tafiya ko? Na ce ya dai kula da hanya. Muna hango duwatsun Dutse ana kiran magariba, sun yi baƙi a jikin sama, ga fitilun gari jefi-jefi. Kullum in na dawo daga tafiya ganinsu daɗi yake mini. Ran nan sai na ji kamar an riga an kwashe rabin garin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na farko, mu mutanen tudu muna zaune kusa da ni'ima ba mu san ta ba, duk mai hali ya je fadamar Miga da kaka ya gani, amma ya tafi da hular rana, ya bar kwat a gida. Na biyu kuwa ya fi ɗaci. Na zaci na san maƙwabcina ciki da bai, ashe abin da ke cin ransa ban taɓa tambaya ba, tsokana kawai nake yi. Na tafi neman gira na rasa ido, kuma ko da za a mayar da ni asubar nan, zan sake kai shi. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, to ni na fara nawa tun mutumin yana nan.

Washegari ya ba jiharsu amsa, ya karɓi aikin. Motar kaya za ta zo ranar Asabar. Ni na nemo musu ita, don na san direban, mutum ne mai hankali, ba zai fasa musu kwanuka a hanya ba.