Babi na Tara a Rediyon Yaya

Ranar Asabar ce da hantsi, ina tsugune ina wanki a tsakar gidanmu a Gumel, ƙanwata ta kira ni daga Gagarawa inda take aure. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun yi ba.

"Anti, kin san Inna tana sauraron littafinki?"

Na ce, "Wanne? Na matar nan mai kula?"

Ta ce, "A'a, wancan ɗin. Jiya na je gida na tarar ana jin sa a rediyonta, ita da matan maƙwabta. Na baro su a babi na huɗu."

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti, kumfa har gwiwar hannu. Littafin babi goma sha biyu ne, na tara kuma a kanta na rubuta shi.

Innar da ƙanwata take faɗi mahaifiyarmu ce, amma ni Yaya nake ce mata. Ni ce 'yar fari. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, na tashi ina jin ƙannen mahaifiyata suna kiran ta Yaya, na bi bakinsu. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba. In za a zuba min abinci sai ta ce a ba waccan. In na shiga ɗaki ta sami abin da za ta yi a waje. Kowa a ƙauyenmu, can gaban Sule Tankarkar, ya san kunyar ɗan fari, babu mai ɗaukar ta ƙiyayya. Ni ma ban ɗauka ba, sai ranar da na buƙaci uwa.

Ni malamar firamare ce. Rubutu kuwa a waya na fara shi, a irin guruf ɗin nan da mata suke sakin littattafansu shafi-shafi, kowacce da sunan da ta laƙaba wa kanta. Akwai masu soyayyar attajirai, inda kowane saurayi yake da jirgi. Akwai masu ban dariya, kuma nan na fi ƙarfi. Na yi suna da labarin wata Hajiya da ba ta barin biki ya wuce ta, a gayyace ta ko kar a gayyace ta, kullum da ƙatuwar kula babu komai a ciki, ta dawo da ita cike. Mata suka dinga turo min saƙo cewa wallahi maƙwabciyarsu na rubuta.

Sai kuma 'yan shekarun nan wasu suka fara rubuta abin da ya same su da gaske. Wata ta rubuta yadda aka ci zarafinta tana ƙarama, wata ciwon ƙwaƙwalwar da ya kama ta bayan haihuwa, wata shekarun da ta yi tana jinyar miji. Na karanta su ina kuka, ina kuma jin haushin kaina, don ni ma ina da nawa, na ɓoye shi a bayan kular Hajiya.

Cikina na fari aiki aka yi min. Da na farfaɗo washegari an riga an kai jaririyar makwancinta, ban gan ta ba. Kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, mai ceto ce. Na tambayi goggona, wadda ta zauna da ni, yaya kamannin yarinyar suke, ta ce ba a tambayar wannan. Yaya kuwa sau ɗaya na ji muryarta a tsakar gida bayan an sallame ni. Ta gaisa da surukata, ta yi addu'a, ta tafi. Ƙofar ɗakina a buɗe take, ba ta leƙo ba.

Wannan na zuba a babi na tara, kuma ban raga mata ba. Na sauya gari, na mayar da malama mai ɗinki, amma zafin duka nawa ne. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne Yaya ba ta yi boko ba, wayarta ma ƙarama ce ta amsa kira. A lissafina, abin da aka rubuta da boko ko a gabanta aka ajiye ba zai cuce ta ba. Na manta da masu karatu. Akwai mata masu daɗin murya da suke ɗaukar littattafanmu su karanta su naɗa, ba ruwansu da neman izinin kowa. Daga nan sai masu tura waƙoƙi a kasuwar Maigatari su kwasa. Babanmu kuma duk Alhamis yana kai dabbobi can, ya ba da ɗan memorin rediyon Yaya a cika mata shi da wa'azi da labarai. Na san da wannan sarai, ni na saya mata rediyon.

Na bar wankin a baho. Na ce wa maigidana gida za ni, ya dubi fuskata ya ce Allah Ya kiyaye hanya. A cikin adaidaita zuwa tasha na dinga ƙirge. Ƙanwata ta ce bayan azahar suke zama, lokacin gyaran zoɓo ne, su tashi da la'asar. In jiya sun kai na shida, yau za su fara daga na bakwai. In na isa kafin azahar, sai in zare memorin in jefa a masai, kowa ya ɗora wa kaji laifi. Wannan ce duk dabarar da mace mai shaidar koyarwa ta iya ƙullawa.

Motar ta ƙi cika. Mutum biyu ake jira, direban yana shan rake kamar ba shi da wurin zuwa. Na ce zan ɗauki kujerun biyu mu tafi, ya ce akwai buhunan da za a kawo, ya riga ya yi alkawari. Na yi masa masifa har wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, ko rasuwa aka yi?" Na ce a'a. Ta ce to in gode wa Allah. Ba faɗa nake tsoro ba, Yaya ba ta taɓa yi min faɗa ba. Tsorona ta ji kalaman nan a gaban mutane, ta gane kanta, ɗan abin da ke tsakaninmu, wanda dama bai taka kara ya karya ba, shi ma ya tafi.

A Sule Tankarkar aka kira azahar muna sauke buhuna. Kafin in sami mai babur zuwa ƙauyenmu rana ta karkata.

Tun daga zaure na ji muryar. Wata mace ce da ban sani ba, mai karatu a hankali da jan ƙarshen magana, tana faɗin kalmomina. Na tsaya na saurara, na gane wurin. Ƙarshen babi na takwas ne.

Na yi sallama. Mata huɗu ne a ƙarƙashin darbejiya, sun kewaye tulin zoɓo, yatsunsu jajawur. Rediyon yana kan turmin da aka kife. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta amsa tana duban zoɓonta, ta ce wa maƙwabciyarta, "A ba waccan tabarma."

Wata tsohuwa da muke kira Baba, ƙawar kakata ce, ta ce, "Malama, zauna ki ji, wani labari muka samu mai cin rai. Wannan yarinya ta ga rayuwa."

Rediyon bai fi taku biyu daga inda nake ba. Amma in na miƙa hannu na kashe, sai an tambaye ni dalili, kuma matan nan huɗu duk sun san an taɓa yi min aiki. Na zauna. Na ja zoɓo gabana na fara ɓarewa, ƙaiƙayinsa yana cin yatsuna.

Mai karatu ta ce, "Babi na tara."

Ban taɓa jin rubutuna a bakin wani ba. A waya yakan zama ƙananan baƙaƙe da za ki goge in kin ga dama. A nan kuwa ga shi yana fita da ƙarfi a tsakar gidan da aka haife ni. Ta karanta inda na ce ina kwance ina jin takun uwata, ina ƙirga shi, ina jiran ya juyo wajen ƙofata. Ta karanta inda na ce uwar da ta iya tafiyar mota don ta gaida suruka, amma ta kasa taku biyar don ta dafa kan 'yarta, kunyarta ta fi mata 'yarta. Har da inda na ce da akuya ce ta yi ɓari a gidanmu, da ta tsuguna ta duba ta. Wannan layin sai da na yi alfahari da shi ranar da na rubuta.

Ƙaramar cikinsu, wata amarya, ta ce, "Gaskiya wannan uwa ba ta kyauta ba."

Baba ta ce, "Ke yarinya ce. 'Yar fari ce fa. Mu a zamaninmu ko gidan ba za mu je ba."

"To Baba, in ba uwarka a ranar, sai yaushe?"

Suka yi ta ja. Ni dai kaina yana ƙasa. Ta gefen ido nake kallon hannun Yaya. Bai tsaya ba, bai kuma yi sauri ba. Ta cire jan, ta jefa a faifai, ta jefa ƙwallon a kwando, ta ɗauko wani. Baba ta ce mata, "Ke ba ki ce komai ba." Yaya ta ce, "Ina ji."

Babin ya ƙare a inda na ce har yau ban san ko 'yata fara ce ko baƙa ba, ban san ko tana da gashi ba, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya min. Aka kira la'asar. Baba ta kashe rediyon, ta ce gobe a ɗora. Suka karkaɗe zannuwansu suka fita, amaryar tana share ido da gefen mayafi.

Muka rage mu biyu, abin da ba ya faruwa. Na jira ta tashi ta shiga ɗaki kamar kullum, ba ta tashi ba. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san me ba, wataƙila ƙarya, in ce ai irin labaran nan duk ƙirƙira ce. Ta riga ni. Ba ni ta kalla ba, rediyon ta kalla.

"Mai littafin nan ta iya magana," ta ce. "Tun a babin farko na san muryarta, ko da wata ce take karantawa."

Na ce, "Yaya, ki yafe min."

Kamar ba ta ji ba. Ta ɗauki wani zoɓon.

"Amma akwai inda ba ta sani ba. Uwar ba ranar gaisuwa ta fara zuwa ba. Tun ranar aikin tana asibitin, a bayan taga. Da aka fito da yarinyar aka rasa mai karɓa, mazan duk sun rikice. Ita ta karɓa. Ita ta yi mata wanka, a gidan surukar. Ta ce kar a faɗa, don kar a ce ta yi rashin kunya a kan 'yar fari."

Zoɓon da ke hannuna ya murƙushe, jan ya bi tafina.

"Ranar gaisuwar kuma ta zo har bakin ƙofar. Ta ji numfashin mai ɗakin. Ta san in ta shiga, za a tambaye ta, ita kuma in ta buɗe baki kuka za ta yi a gidan surukai. Sai ta juya." Ta jefa ƙwallo a kwando. "Ba ta kyauta ba. Amaryar nan ta faɗi gaskiya."

Na ce, "Yaya." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta jawo faifan ta fara tattara jan zoɓon da gefen hannu, a hankali, har ta tara shi wuri guda.

"In za ta sake rubutawa, ta gyara wurin nan. Yarinyar fara ce sol. Tana da gashi, baƙi, kwance luf, har wuya. Doguwa ce, zanen da aka kawo bai ishe ta ba, sai da aka yagi na wadda ta yi wankan aka ƙara. Yatsun ƙafarta kuma, na biyun ya fi babban tsawo."

Na dubi ƙafata a kan tabarma. Ita ma nan take kallo.

Ta miƙe, ta ɗauki buta, ta nufi bayan ɗaki don alwala. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"A gaya wa waccan ta kwana. Gobe akwai babi na goma, ban san me ta ce a ciki ba."