Hanjin da Ba a Wanke Ba

Shekarar da nake bincikena na digiri na biyu a Dutse, ba ni da zance sai na hanji. A cikin hanji akwai wata shimfiɗa mai laushi da yauƙi, a nan ƙwayoyin halitta ke tsirowa daga ƙasa, su yi ta hawa sama suna girma. Kowace tana buƙatar bango na kitse, ni kuwa sinadaran da ke ƙera wannan kitsen nake aunawa, in ga yadda suke sauyawa daga ƙuruciyar ƙwaya zuwa girmanta. Matsalar ita ce ba su da haƙuri. In ba a sa hanjin cikin ƙanƙara da zarar an feɗe ba, sun lalace.

Da Babbar Sallah na tafi gida Aujara da kular ƙanƙara. In na dawo hannu rabbana, aikina ya tsaya. Na roƙi Inna ta ware mini ɗan ƙaramin hanji daga ragon layyarmu, ta ce an gama.

Ina can ina gaida baƙi aka feɗe. Ko da na fito, sai ga Inna da kwano tana murmushi. Ta juye hanjin, ta kankare, ta dirje shi da gishiri, ya yi fari tas.

"Ga shi. Kada malamanku su ce daga gidan ƙazamai kika fito."

Na zauna a bakin turmi kamar in yi kuka.

"Inna, abin da kika zubar shi nake nema."

Ta ce, "Dattin? Shi kike karanta duk shekarun nan?"

Na ce shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa haushi ya hana ni cin soyayyen kayan ciki ranar.

Kashegari Kawu zai yi tasa layyar. Da hantsi na nemi kulata na rasa. Ashe Inna ce ta ɗauka. Matar da ko cokalin wani ba ta yarda da wankinsa, ita ta tsaya a kan masu fiɗa, ta hana kowa kawo ruwa kusa. Ta shigo riƙe da kular nesa da zanenta, tana toshe hanci.

"Karɓi. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

Da hanjin nan na gama aikina. Har yau duk layya sai ta kira ni kafin ta taɓa kayan ciki, ta tambaya ko ta wanke.