Ganyen da Na Ɗauka Rama Ne a Bankok

Asabar: Argungu zuwa Abuja

Ƙarfe shida saura kwata, ana fitowa daga sallar asuba, na bar gida a Argungu. Ƙungiyarmu ta mata masu turara shinkafa ce ta tura ni ƙasar Tailan in gano mana ƙaramin injin casa da ba ya karya ƙwaya. Ni aka zaɓa saboda na yi shekaru ina koyarwa, ina jin Turanci. Shinge ɗaya muka tarar kafin Zauro, ɗan sandan ya leƙo, ya ga tsohuwa da carbi, ya ɗaga mana hannu.

Bakwai saura muka shiga Gwadangaji muka ɗauki yayana, Alhaji Umaru, ɗan kasuwar albasa, wanda zai raka ni. Jirgin Abuja ya tashi daga Birnin Kabi tara da rabi, awa ɗaya muka sauka. Washegari da rana muka kama hanyar Adis Ababa, awa biyar, daga can kuma awa tara zuwa Bankok. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Litinin: Bankok

Wadda ta tarbe mu sunanta Maryam, Musulma ce 'yar ƙasar, kamfanin injin ya haɗa mu da ita ta yi mana tafinta. Ta sama mana masauki kusa da wani masallaci a bakin rafi, ta kai mu inda muka ci shinkafa rawaya da kaza, bat sittin farantin. Bat shi ne kuɗinsu. Ban taɓa ganin gari mai cunkoso irin wannan da ba a jin hon ba.

A hanya na riƙa ganin shaguna masu ƙofar gilashi, kowanne da hoton koren ganye mai yatsu. Na ƙirga bakwai a layi ɗaya. Na taɓa Yaya na ce, "Ashe mutanen ga suna cin rama haka? Ka ga har shago sunka yi mata."

Ya dube ni, ya dubi shagon, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kulu, wanga ba rama ba ne. Wiwi ne."

Na yi salati. A Argungu wiwi abin bayan gari ne, abin da ya haukata ɗan maƙwabciyata har ake ɗaure shi. Ga shi nan a cikin kwalabe, a jere kamar turare, da takardar izini a bango.

Maryam ta yi mana bayani dalla-dalla. Gwamnati ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi, amma da sharuɗɗa. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara ashirin ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa. Wanda ya busa a titi ya dami mutane da hayaƙi, tara ce ko gidan yari. Kuma ba a shigo da shi, ba a fita da shi. Na tambaye ta ko ita tana so. Ta girgiza kai ta ce mutanen unguwarsu ba su yi murna ba, har sun roƙi kada a buɗe shago kusa da masallaci da makaranta, kuma an saurare su.

Talata da Laraba: wurin injina

Kamfanin yana kilomita saba'in arewa da birni, cikin gonakin shinkafa shimfiɗe kamar fadamar Rima, sai dai kowace gona da magudanar ruwanta ta siminti. Na zo da mudu biyu na shanshararmu, wato shinkafar da ba a casa ba, a jaka. Aka zuba a injin, ta fito fara tas, da ƙyar na tsinci karyayya. Yaya ya ɗebo a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Muka daidaita, za a turo injin ta ruwa zuwa Legas.

Da yamma gwiwoyina suka matsa mini. Na leƙa wani shagon magungunan gargajiya kusa da masauki, na nuna gwiwa, mai jiran shagon ta miƙo mini ƙaramar kwalbar man shafawa, bat ɗari da ashirin. Rubutun duk nasu ne, ban karanta komai ba. Na shafa. Da asuba na yi sujada ba tare da na dafa bango ba, abin da na yi shekara biyu ban yi ba.

Alhamis: kwalba goma sha biyu

Nan take na tuna matanmu da ke wuni tsaye a gaban tukunya. Na ja Maryam muka koma shagon, na ajiye kwalbar na ce a ba ni goma sha biyu. Wannan karon mai shagon ce da kanta, tsohuwa mai furfura da tabarau a wuya. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta yi wa Maryam tambaya.

"Tana tambaya ina za ki kai su, Hajiya."

"Najeriya. Tsaraba ce."

Tsohuwar ta juya kwalbar, ta sa farce a ƙasan takardar. Ga ɗan ganyen nan, bai kai ƙwayar wake ba. Amma na dake. Na ce ai shafawa ake yi, ba sha ba, kuma ni na ga amfaninsa a jikina. Na ce zan cire takardun. Har na buɗe jaka.

Ta rufe hannuna da nata, ta yi magana a hankali, Maryam tana fassarawa. "Ta ce a nan magani ne. A filin jirgin ƙasarku ba ta san sunan da za su kira shi ba. Ta ce ke sa'ar ƙanwarta ce, ba za ta karɓi kuɗinki ki je ki tsufa a kurkuku ba."

Ta ɗauko wani man daban, na citta da kafur, mai rubutun Turanci, ta sa na karanta abin da ke ciki da bakina. Bai kai rabin kuɗin wancan ba, na sayi kwalba goma sha biyu. Sannan ta miƙo hannu, sai da na ba ta ragowar kwalbata ta jefa a kwando.

Da na faɗa wa Yaya, ya ajiye kofin shayi. "Da anka kama ki, mi zan ce ma 'ya'yanki? In ce uwarku hajjiya ta ɗauko wiwi?" A ranar, da kansa ya zazzage akwatunanmu, har alawar da ya saya wa jikoki sai da Maryam ta karanta masa ita ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi: Abuja

Mun sauka sha biyu da kwata na rana. Jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka duba fasfo, suka ga hatimin Tailan, suka ce mu koma gefe. Wata jami'a ta buɗe akwatina, hannunta ya tafi kai tsaye kan kwalaben. Ta jera su a tebur, ta buɗe ɗaya ta sansana, ta karanta takardar, ta kira mai kare. Karen ya zagaya ya wuce abinsa. Ni dai ina tsaye ina kallo.

"Mama, na mene ne?"

"Na gwiwa ne, 'yata."

Ta mayar da su ta rufe. "Allah ya ƙara sauƙi. Sannu da hanya."

Litinin: gida

Jirgin safe ya sauke mu Birnin Kabi, na ajiye Yaya a Gwadangaji, la'asar ta yi mini a Argungu. Tun daga lokacin na ji an sake tsaurara dokar can, yanzu sai da takardar likita. Duk mai niyyar zuwa ya tambaya kafin ya tashi, kuma kada ya sa wa jakarsa abin da bai iya karantawa ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya da Maryam. Tsohuwar nan kuwa ko sunanta ban tambaya ba. Ta ga ciniki a gabanta, daga baƙuwar da ba za ta sake gani ba, ta mayar da shi. Ba addininmu ɗaya ba, ba mu jin yaren juna, amma ita ce ta sa yau nake zaune a tsakar gidana ina rubuta muku wannan.