Ruwan Randar Innarmu

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a tsakiyar damina, ni Hajo ina 'yar shekara tara, Malam Bulus maƙwabcinmu ya shigo gidan hayarmu na Sabon Gari da 'yan kwalabe a aljihu. Wanke kwalabe yake yi a wani ɗakin gwaji a Samaru. Ƙanwata Talatu, 'yar shekara huɗu, na kwance a tabarma, wata biyu ke nan ciki na murɗa mata, tana suma tana farfaɗowa. Ya ce wa Inna, "Maman Hajo, ɗebo mini ruwan randarki." Inna ta ɗaure fuska, amma ta ɗebo. Duk layinmu babu mai ruwa garau kamar nata. Ni ke jan guga a rijiyar gidan, ita ke jefa alam, laka ta kwanta a gindi, ta tace da farin ƙyalle.

Ya zuba a kwalba ya ɗiga wani abu, shiru. Ya ɗiga wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, muka toshe hanci muna dariya. Sai ruwan ya fara duhu, wani baƙin gari na sauka ƙasa a hankali. Ya ce dalma ce, guba, ita ke cin Talatu. Wai kowane ƙarfe da ya narke a ruwa akwai abin da ke kwantar da shi, wani ya faɗo da ɗigo kaɗan, wani ya ƙi sai an ƙara. Alam laka yake ja, ba ya kwashe wannan. Inna ta ce, "Malam, ruwan da kake ganin fuskarka a ciki?" Ya nuna mata katangar bayan rijiya, inda wasu mutane ke fasa tsofaffin batiran mota suna narkawa, ruwan sama na wanko ƙasar wajen zuwa gidanmu. Mu har wasan 'yar carafke muke da dunƙulen da suka yar, don sun fi dutse nauyi.

Abin da ya tsirar da ni talla ce. Wuni nake a unguwar PZ da tiren gyaɗa, in sha ruwa a famfon duk inda na samu. Talatu kuwa tunda ta kwanta ba a bari ta sha ko'ina. Jiƙo da ruwan randa, kunu da ruwan randa, jiki ya yi tsanani a ƙara mata moɗa guda. Ranar Inna ba ta yi kuka ba. Taɓarya ta ɗauka ta fasa randar, ta goyi Talatu sai asibiti.

Talatu ba ta mutu ba, amma hankalinta a shekara huɗu ya tsaya. Yanzu ruwan leda muke saye, jikata ma wannan ɗige-ɗigen take karantawa a jami'a. Ni sai da furfura na shiga ajin manya na iya rubutu. Ina rubuta wannan Talatu na gefena, tsohuwa da ita, tana jan zanina in ba ta biro ta yi wasa. A da, ita ta fi ni kai nesa ba kusa ba.