Ku Dawo da Damina

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar kawuna, Kansila Ɗanjuma, Allah Ya jiƙansa. Na so a ce addu'a kawai zan rubuta in yi shiru. Amma makon jiya sakataren ƙaramar hukumarmu, Malam Iro, ya turo mini saƙo har nan Dubai: maganar gina tashar wutar nukiliya a yankinmu ta sake tasowa, hukumar da ke duba lasisi ta nemi ra'ayin majalisar ƙaramar hukumar, kuma ni ake jira in rubuta takardar. Tun ranar nake cikin haushi, rabi nasu, rabi na kaina.

Ga wanda bai san labarin ba, garinmu a bakin kogi yake, hanyar fita ɗaya ce, ta kan wata gajeriyar gada. Da aka sa yankinmu cikin wuraren da ake dubawa, masu awo suka zo a tsakiyar rani. Suka tarar da gada a bushe, motarsu ta haye lafiya, suka rubuta cewa akwai hanyar kwashe jama'a idan hatsari ya auku. Suka ƙirga mutane a lokacin da samari sun tafi cin-rani, makiyaya sun yi kudu da shanunsu. Duk wanda aka haifa a garin ya san idan damina ta yi nisa, gadar nan ruwa ne ke hawanta.

Kawu bai yi boko mai zurfi ba, bai kuma taɓa cewa ya san yadda tashar ke aiki ba. Magana ɗaya ya riƙe a zauren majalisa: "Ni ban ƙi wuta ba. Ku dawo da damina, ku haye gadar nan da motarku. In kun haye, sai mu zauna." Ya kan ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kansiloli suka goyi bayansa, aka yanke a rubuta takardar ƙin amincewa.

Lokacin na gama digiri a fannin lantarki, sai ya kira ni. "Ɗan nan, kai ka san Turancinsu. Rubuta musu gada tana nutsewa."

Na rubuta shafi huɗu. Ba ni da awon ruwa a hannu, na kuma ji tsoron kada masana su kama ni da kuskure. Sai na cika takardar da "mai yiwuwa", da "a wasu lokuta", da "bisa faɗar mazauna". Ban yi ƙarya ba, ina ganin. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amsa ta dawo cewa majalisa ba ta ƙi ba, ta dai nuna 'yan damuwoyi da za a duba nan gaba.

Da na fassara masa, sai ya ce: "Ranar da na haye da kai bisa wuyana, ruwa har ƙirjina, mai yiwuwa ne ya jiƙa maka wando?"

Daga baya aikin ya kwanta, ban san dalili ba, na dai tabbata ba takardata ce ta kwantar da shi ba. Kawu ya rasu bai sake tayar mini da zancen ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Yau ina aiki a wani ofishin injiniyoyi a unguwar Port Saeed, nan Dubai. Bana aka sanar cewa tashar nukiliyar ƙasar nan ta fara ba da wuta, to 'yan uwanmu 'yan kago, masu aika kayan 'yan kasuwa gida daga unguwar Al Sabkha, sun samu abin tsokanata. "Habibi, kalas, magana ta ƙare! Ga nukiliya, wuta ba ta ko ƙiftawa. Su kawunka ne suka hana mu ci gaba." A gida kuma wasu na yaɗa cewa tashar za ta hana mata haihuwa. Duka ɓangarorin biyu sun ishe ni, don babu wanda ke maganar gada.

Na kan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga Dubai. Ina jin zai yaba wa fankar masallaci da ba ta tsayawa, sannan ya ce a nuna masa hanyar fita daga tashar, guda nawa ce, wa zai buga ƙararrawa. Ban je wurin ba, ba zan yanke hukunci a kansa ba. Garinmu na sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kundin masu awo da Malam Iro ya turo tare da saƙon, na wancan karon ne, bango kawai aka sake. Taswirar rani ce dai, hoton gadar a bushe, har da akuyar da na gani a wancan karon tana nan tsaye a gefe.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Kamfaninmu yana neman ayyukan makamashi a Afirka, bizata kuma a hannunsa take. Sunana a ƙasan takardar ƙin amincewa zai iya ɓata wa oga rai. Mai yiwuwa ba zai ma gani ba. Kun ji ni ko? Har yanzu halin bai bar ni ba.

Jiya na aika wa Malam Iro takardar, layi biyar. Ta ce gadar garinmu tana nutsewa kowace damina, babu wata hanyar fita, an yi ƙidaya lokacin da mutane ba sa gida, majalisa ba ta amince ba har sai an sake awo cikin ruwa. Sau biyu na kama yatsana yana rubuta "da alama", na goge. Na sa cikakken sunana.

Kawu bai bar gida na kirki ba, bai bar titi mai sunansa ba. Tambaya ɗaya ya bari, wadda har yau manyan kundaye ba su amsa ba. Malam Iro ya ce takardar ta yi gajarta, ko zan ƙara mata ladabi. Na ce masa ladabin na kashe shi duka a wancan karon. Su dawo da damina.