Na je Sakkwato sayen inji, na dawo da katako da raga

Naira miliyan uku da dubu ɗari biyu ke cikin asusuna, ribar albasa ta shekara biyu. Ga kuma alkawarin da na ɗaukar wa wata makarantar kuɗi a Jega: riguna tishat ɗari uku na wasannin ɗalibai, da sunan makarantar a ƙirji, cikin mako uku. Ban taɓa buga ko harafi ɗaya a jikin yadi ba. Na karɓi aikin ne don na gaji da ganin ana kai irinsa Kano.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Sakkwato, ni da abokina mai mota. A Tambuwal muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Daga Shagari har Bodinga tirelolin simintin Kalambaina muka yi ta kauce wa.

Shagon da aka kwatanta mana yana wajen Ƙofar Atiku, ɗaki mai sanyi da wani inji mai tsawon gado. Mai shagon ya ɗauki hoton abokina da waya. Injin ya fito da shi a kan leda, aka barbaɗa wani farin gari, aka danna shi a kan riga da ƙarfe mai zafi. Sai ga abokina a ƙirjin riga, har da tabon sallarsa da furfurar da yake musun yana da ita. Shekara ashirin ina ciniki ban taɓa sakin baki a gaban mai kaya ba, amma ranar na saki.

Kuɗin injin miliyan biyu da dubu ɗari tara, ban da janareto. "Alhaji, wanga inji bai son zahi," in ji mai shagon, "kuma kullum sai an tashe shi. In ya kwana biyu, hwarat tawada ta daskare."

Hannuna ya kai aljihu. Abin da ya tsai da ni ɗabi'ar kasuwar albasa ce: ba na biyan buhu sai na zazzage na ga na ƙasa. Na sayi rigar kawai, muka fita cin balangu.

Mai naman yana sanye da rigar ƙungiyar mahauta. Yadin ya koɗe, wuyan ya saki, amma rubutun na nan daram. Ya ce wani dattijo ne a Mabera ya buga musu, Baba Bitrus, mutumin Filato, tsohon malamin zane.

Mun same shi a wata rumfa, kewaye da firam-firam na katako da aka ɗaure wa raga. Ya juya rigarmu, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Alhaji. Wa zai goge ta?" Ya miƙa wa mai wanki da guga da ke maƙwabtaka da shi. Shi kuwa ya ɗora dutsen gawayi kai tsaye a kan hoton, yadda ake yi wa kowace riga a garuruwanmu. Da ya ɗaga, rabin fuskar abokina na manne a gindin dutsen.

"Uwa ɗari uku za ka bi gida-gida ka ce su juya riga kafin guga?" Baba ya tambaye ni.

Sannan ya nuna mana nasa. Ya ɗauko ragar da ya shafa wa koren magani ta bushe a duhu, ya ɗora leda mai rubutu, ya danne da gilashi, ya fita tsakar rana yana ƙirga a ransa. Ko minti ɗaya bai cika ba ya dawo ya watsa mata ruwa. Haruffa suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya a idona, inda rana ba ta taɓa ba. Wannan ranar ta Sakkwato da muke ta tsaki a kanta tun hantsi, ita ce ke yi masa aikin. Ya ɗora ragar a kan wata riga, ya ja fenti da roba sau ɗaya, fentin ya shige cikin zare. Ya bushe, aka ɗora dutse, bai motsa ba. Nan take na roƙi Baba ya koya mini.

Abokina ya koma gida, ni na zauna kwana huɗu ina koyo. Baba bai raga mini ba: "Hannunka na ɗaukar buhu ne, sassauta!"

Na dawo Jega da firam shida, raga, magani, fenti da ƙaramin ƙarfen gasa rubutu. Da ladan Baba, duka dubu ɗari huɗu da goma. Hoto ba zan iya bugawa ba tukuna, kuma raina na kan wancan injin har gobe. Amma yanzu na san kafin mutum ya zaɓi inji, sai ya fara sanin hannun da zai wanke rigar. Na ɓata riguna goma sha bakwai, na kai ɗari uku saura kwana biyu, kuma miliyan biyu da dubu ɗari bakwai da ɗoriya suna nan ban taɓa ba.